Haƙorin Hankali: Wanda Za a Ƙyale da Wanda Za a Fitar

Mai ciwon haƙori a cikin birnin Zazzau ba da likita yake farawa ba. Da kanumfari yake farawa, ya tauna ya danna a wurin da ke zugi. In bai lafa ba a ɗumama ruwa a zuba gishiri. In dare ya yi abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai a aiki yaro kemis ɗin bakin layi. "Malam, an ce a ba da maganin haƙori." Ba a tambayi wane haƙori ba, ba a leƙa bakin ba, yaro ya dawo da ƙwayoyi kala uku a ƙulle cikin leda. Kwana biyu kumburi ya sace, a yi hamdala, a manta. Bayan wata uku ya dawo, a sake bin hanyar da aka bi. Asibitin Gambo Sawaba yana nan Ƙofan Gayan, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana Shika, ba wata uwa duniya ba ce, amma da yawa sai ranar da baki ya ƙi buɗuwa, ko koko ya gagari haɗiya, sannan ake neman mota.

Idan mai wannan wahala saurayi ne ko budurwa, ko magidanci da bai wuce talatin da ɗoriya ba, kuma ciwon can ƙuryar baki yake ta ƙasa, to akwai yiwuwar haƙorin hankali ne. Cikakken baligi yana da haƙora 32. Turamen da ake tauna da su uku-uku ne a kowane gefe, sama da ƙasa. Na farko yana fitowa yaro yana wajen shekara 6, na biyu wajen 12, na uku kuwa sai mutum ya mallaki hankalin kansa. Littattafan Turawa sukan ce tsakanin shekara 17 da 25. A ƙasar nan yakan riga haka: nazarin da Odusanya da Abayomi suka wallafa a 1991 kan matasan karkara a Najeriya ya nuna yana fara leƙowa tun wajen shekara 13 ga 'yan mata, 15 ga samari, kuma kafin a kai 20 yawanci ya gama fitowa. Don haka yarinyar da ke aji uku na sakandare ta ce ƙuryar bakinta na ciwo, kada a ce ai ba ta isa ba. Akwai kuma waɗanda Allah bai halicce su da shi ba sam, ko ɗaya ko duka huɗun, kuma babu abin da suka rasa.

Larurarsa ita ce shi ne na ƙarshen zuwa. Kamar wanda ya iso masallacin Juma'a na Ƙofar Fada liman ya riga ya ta da kabbara, sahu ya cika: in ya sami gurbi ya tsaya daidai, in bai samu ba ya raɓe a karkace. Wani ya kwanta ya tokari tushen na gabansa. Wani ya jingina baya. Wani ya fito rabi ya tsaya, dasashi ya rufe sauran. Wani kuma ya zauna a binne cikin ƙashi har mutum ya mutu bai san yana da shi ba.

Me ya rage gurbin? Gado na da hannu, amma abinci ma yana da nasa kason. Muƙamuƙi ƙashi ne da ke girma gwargwadon aikin da aka ba shi tun yarinta. Kakanninmu sun tashi da shan rake, da gaigayar goriba, da tauna aya da ƙuli-ƙuli da gasasshiyar masara, tuwonsu kuma na garin da aka niƙa a dutse, da ɗan tsakuwa-tsakuwarsa. Wannan yana faɗaɗa ƙashi, yana kuma cinye gefen haƙora kaɗan-kaɗan, sai su matso gaba su bar fili a baya. Yaron yau shayi da burodi ne, da taliya, da shinkafa mai laushi. Olasoji da Odusanya sun kwatanta birni da ƙauye a kudu maso yammacin ƙasar nan a shekarar 2000, suka tarar maƙalewar haƙorin ta fi yawa a birni nesa ba kusa ba. Birnin Zazzau, duk da ganuwarsa da tsofaffin zaurukansa, cimarsa ta 'yan birni ce yanzu.

To, a cire ko a bari? A nan ne likitocin duniya suka rabu. A Amurka al'ada ta daɗe a kan cewa matashi ya kusa gama sakandare a kai shi a kwashe duka huɗun, ko suna ciwo ko ba sa yi. Wani likitan haƙori, Jay Friedman, ya rubuta a 2007 cewa ana cire kusan miliyan 10 daga bakin mutum miliyan 5 a kowace shekara, kuma a ganinsa aƙalla kashi biyu cikin uku babu dalilin taɓa su. A Ingila kuwa, hukumar NICE mai tsara wa asibitocin gwamnati ƙa'idojin magani ta yanke tun watan Maris na 2000 cewa a daina cire haƙorin hankalin da bai nuna wata cuta ba, ko da a maƙale yake. An bi wannan, sannan bayan shekara goma aka ga wani abu: McArdle da Renton sun nuna a 2012 cewa ba a daina cirewar ba, sai dai an jinkirta ta, matsakaicin shekarun waɗanda ake wa aikin ya tashi daga 25 zuwa 32, kuma masu zuwa saboda ruɓewar haƙori sun ƙaru. Ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken likitoci, ta sake duba batun a 2020, ta ce hujjar da ke hannu ba ta isa a ce a cire lafiyayyen haƙori ba, ba ta kuma isa a ce lallai a bar shi ba.

Bahaushe zai ce ai rigakafi ya fi magani, a fitar da shi kawai a huta. Ni ban bi wannan ba. Rigakafi ana yin sa ne da abin da bai kai cutar nauyi ba, ita kuwa wannan tiyata ce, da yanka da fasa ƙashi, da kuɗin da iyali za su iya sayen buhun masara da shi. Haƙorin da ya fito ya tsaya sosai, yana haɗuwa da na samansa, buroshi ko asuwaki na kai masa, haƙori ne kamar kowane. Wanda yake binne gaba ɗaya, ba shi da kafar da ta haɗa shi da cikin baki, shi ma galibi a ƙyale shi, a riƙa duba shi a hoto jefi-jefi. Amma dole a faɗi gaskiya: shawarar Ingila an gina ta ne a kan mutanen da ke zuwa likitan haƙori ya duba su ko ba abin da ke damunsu. "A bari a sa ido" yana da ma'ana in akwai mai sa idon. A wurinmu gardamar Turawa ta cire da yawa ba ita ce damuwar ba. Tamu ita ce wanda ya kamata a cire tun bara yana nan har yau, ana lallaɓa shi da kafso.

Babban abin da ke kai mutane ga cirewa, a binciken asibitocin koyarwa na ƙasar nan, shi ne kumburin dasashin da ke lulluɓe da haƙorin da ya fito rabi. Duk mai son ganinsa ya haska fitilar waya ya duba a madubi. Can bayan turmi na biyu za a ga ɗan farin kan haƙori ya leƙo, wata 'yar tsokar dasashi ta kwanto a kansa. Ƙarƙashin tsokar nan aljihu ne. Zaren tsire, ɓawon gyaɗa, ɗan guntun tuwo, duk can suke shigewa, tsinken sakace ba ya fito da su, buroshi ba ya kai musu. Sai wurin ya yi ja, ya tasa. Da ya tasa, haƙorin sama ya riƙa cizonsa duk lokacin da aka rufe baki, ya ƙara kumbura, a ƙara cizo. Baki ya ɗauki wari, mutum ya riƙa jin ɗanɗanon mugunya, kaluluwa ta fito ƙarƙashin muƙamuƙi, ciwon ya harba har kunne, har wasu su tafi neman maganin kunne.

Karo na farko, in bai tsananta ba, ba dole ne a cire ba. Likita zai wanke ƙarƙashin tsokar da sirinji, ya ba da maganin zafi, ya ce a riƙa kurkure da ruwan ɗumi da gishiri. Mai yiwuwa haƙorin kan hanyarsa ta fitowa yake, in ya gama shi ke nan. Amma in ya dawo karo na biyu, ko na farkon ya zo da zazzaɓi da kumburin fuska, to magana ta ƙare. Wannan ita ce ƙa'idar NICE ɗin da kanta, wato ko masu cewa a bari sun yarda da wannan. Kafso yana kwantar da ƙwayoyin cuta na ɗan lokaci, ba ya rufe aljihun. Kuma shan sa rabi-rabi, guda huɗu yau, guda shida bayan wata biyu, koya wa ƙwayoyin ne yadda za su jure masa, ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi aiki.

Dalili na biyu ya fi wayo, domin ba ya ciwo sai ya gama ɓarna. Haƙorin da ya kwanto gaba ya tokari turmi na biyu yana barin wani lungu tsakaninsu inda abinci ke taruwa shekara da shekaru. Sannu a hankali bayan turmi na biyun ya yi kogo, ƙasa-ƙasa kusa da saiwa, inda ido ba ya gani kuma cikewa ke da wuya. Ranar da zugi ya taso, sau da yawa ruɓar ta kai jijiya, sai a rasa biyu maimakon ɗaya, kuma wanda aka yi asara shi ne mai aikin tauna. A ganina wannan ne wuri guda da ya dace mutum ya saurari likitan da ya ce a cire haƙorin da bai taɓa ciwo ba: idan ya fito rabi, ya karkato gaba, kuma hoto ya nuna yana cin na kusa da shi ko yana gab da haka.

Sauran dalilan a taƙaice suke. Shi kansa haƙorin ya ruɓe har ba ya cikuwa. Ƙurji ya taru a gindinsa. Ƙashin da ke riƙe da na gabansa ya fara zaizayewa. Ya faɗo daidai inda muƙamuƙi ya karye, abin da ba baƙo ba ne a garin da babura suka yi yawa. Ko kuwa wata jakar ruwa ta taso a kewayen wanda ke binne, tana cin ƙashi a ɓoye. Wannan na ƙarshe ba kasafai ba ne, amma shi ya sa ba a raina kumburin muƙamuƙi marar ciwo. Farfesa Emmanuel Adekeye, wanda ya daɗe yana jagorantar sashen tiyatar baki da muƙamuƙi na asibitin koyarwa na ABU tun sashen yana Kaduna, ya wallafa a 1980 bayanin marasa lafiya 109 masu wani ƙarin muƙamuƙi da ake kira amelobilastoma. Ba haƙorin hankali ke haddasa shi ba, amma wani lokaci a hoto yakan yi kama da jakar ruwan da ke kewaye haƙori binnanne, sai an kai gwaji ake rarrabewa. Ƙari ne mai girma a hankali ba tare da zafi ba, shi ya sa masu shi ke zuwa bayan ya cinye ƙashi mai yawa.

Akwai kuma halin da ba a jiran gari ya waye. Saiwar turamen ƙasa tana kusa da wasu guraben da ke ƙarƙashin harshe da cikin wuya, ƙwayar cuta in ta fasa ta shiga can tana tafiya ba shamaki. Wani likitan Jamus, Wilhelm von Ludwig, ya siffanta mafi muninsa a 1836, har yau da sunansa ake kiran cutar: ƙasan haɓa ya kumbura gefe biyu ya yi tauri, harshe ya ɗago sama, miyau ya riƙa dalala, murya ta canza, numfashi ya fara wuya. Wannan yana kisa, kuma cikin sa'o'i. A 2015 likitocin Shika sun wallafa nazarin mutum 77 da cuta ta bazu musu a fuska da wuya, mafi yawansu daga haƙori abin ya faro. Saboda haka duk mai ciwon haƙori da ya ga yatsu biyu ba sa shiga tsakanin haƙoransa, ko haɗiya na gagararsa, ko kumburi ya gangaro wuya ko ya haura ido, ko zazzaɓi mai zafi ya rufe shi, to sashen gaggawa zai nufa ko da tsakar dare ne. Ba lokacin gasa kunci da tsumma mai zafi ba ne, ba kuma lokacin tsaga ko ƙaho ba. Mai ciwon suga da mai juna biyu su fi kowa hanzari.

Abubuwan da ba dalili ba ne su ma a san su. Ɗan ƙaiƙayi da nauyin dasashi na kwana biyu-uku lokacin da haƙori ke ɓullowa ba cuta ba ce. Cunkushewar haƙoran gaba ma, da ake cewa na hankali ne ke turo su, an gwada: Harradine da abokan aikinsa a Ingila sun raba matasa kashi biyu, aka cire wa wasu aka bar wa wasu, a 1998 suka ba da sakamakon cewa bambancin bai kai a yi tiyata dominsa ba. Ciwon kai da ƙarar gaɓar muƙamuƙi su ma sau da yawa daga wani wuri suke, a cire haƙori su ci gaba da abinsu. Batun tsutsa kuwa, babu tsutsa a haƙori. Abin da mai magani ke nunawa a ƙwarya bayan turare ba daga baki ya fito ba. Masu ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi, da masu ɗiga ruwan batir ko fetur, ƙuna suke ƙara wa ciwo. Kanumfari dai an yarda da shi, mansa na kashe zafi, likitocin haƙori ma suna amfani da shi, amma iyakarsa kenan.

Tsoro ne ke hana mutane da yawa, kuma tsoron kashi biyu ne, na banza da na gaske. Na banza shi ne cewa cire haƙorin sama yana taɓa ido. Jijiyar gani daban take, hanyarta daban. Na sama ma su suka fi sauƙin fita. Na gaske yana ƙasa. Cikin ƙashin muƙamuƙi akwai wata jijiya da ke bi ta ƙarƙashin saiwoyi tana kai ji ga leɓen ƙasa da haɓa, wata kuma tana bi ta gefen ciki zuwa harshe. In aka taɓa su, mutum ya tashi leɓensa ko rabin harshensa a mace. Yawanci yana dawowa cikin makonni ko watanni, wanda ke zama dindindin bai kai ɗaya cikin ɗari ba, amma ga wanda abin ya faɗa wa ba ƙaramin abu ba ne. Wannan ya sa ba a cire maƙalallen haƙori sai da hoto. Idan hoto ya nuna saiwa ta rungumi jijiya, akwai dabarar yanke kan haƙorin kaɗai a bar saiwar a ƙashi, dasashi ya rufe ta.

Nan ne kuma aikin ya fi ƙarfin wanzami. Ba raina sana'ar ba ne, wanzamai sun yi wa garin nan hidima tun kafin a san asibiti, kuma haƙorin da ke girgiɗi awartaki na iya fitar da shi. Amma wanda ke kwance cikin ƙashi ba ja ake yi ba. Likita zai yi allurar kashe wurin, ya jira leɓe ya yi nauyi, ya tsaga dasashi ya ɗaga, ya sassaƙe ɗan ƙashin da ya rufe da injin da ke feshin ruwa, sau da yawa ya raba haƙorin gida biyu ko uku ya zaro su ɗaya-ɗaya, ya wanke, ya ɗinke. Mutum idonsa biyu, yana jin dannawa da ƙarar inji, ba ya jin yanka. Wanda ya sa ƙarfi a nan, kan haƙorin zai ɓalle ya bar saiwa, ko ƙashin ya tsage, ban da cutar hanta da ƙarfen da ba a dafa ba ke iya ɗaukowa daga bakin wani.

Shekaru ma abin lura ne. Kafin 25 saiwa ba ta gama kafuwa sosai ba, ƙashi na da sauƙi, rauni na warkewa da wuri. Bayan haka aikin na ƙara wuya. Wannan ba hujja ba ce ta cire lafiyayye, hujja ce ta kada a ja wanda ya riga ya nuna halinsa har a kai arba'in, lokacin da hawan jini ko suga suka shigo cikin lissafi. Duk mai irin waɗannan, da mai sikila, da mai shan maganin tsinka jini, da wanda jininsa ke daɗewa bai tsaya ba, ya faɗa wa likita tun kafin a ɗauko allura. Mai ciki ba a hana ta magani ba. Aikin da zai iya jira akan bar shi zuwa watannin tsakiya ko bayan haihuwa, amma ƙurji ba ya jiran suna. Wanda kuma ya san haƙorinsa na tashi lokaci-lokaci, gara ya gama da shi tun Sha'aban, domin shan magani sau uku a yini da kurkurar baki ba sa daɗi da azumi.

Bayan cirewa za a ba mutum auduga ya cije kamar rabin sa'a. Abin da ake so shi ne gudan jini ya zauna a ramin, shi ne tushen warkewa. Ranar farko ba kurkura, ba tofe-tofe, ba abu mai zafi, ba cusa harshe ko tsinke. Kunu da koko a bari su huce. Washegari a fara ruwan ɗumi da gishiri a hankali, bayan kowane cin abinci. Kunci zai kumbura, ya fi tsanani a kwana na biyu zuwa na uku, sannan ya fara sauka, wannan ba abin tashin hankali ba ne. Amma in a kwana na uku ko na huɗu zugi ya dawo fiye da na da, yana harbawa kunne, baki na wari, to gudan jinin ya fita ya bar ƙashi a fili. Ya fi samun masu shan sigari da shisha, kuma ya fi yawa a haƙoran ƙasa. Ba kafso ke maganinsa ba. A koma wurin wanda ya yi aikin ya wanke ramin ya sa magani a ciki, yawanci zafin na raguwa a ranar.